Wasiƙa: Tun daga aji uku na sakandare muke zubar da injiniyoyinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kowa lafiya. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan taka mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan wani ƙorafi da kullum ake yi a majalisa da gidajen rediyo da Facebook, wai duk babban aikin da aka kawo Arewa ba ka ganin yaranmu a cikin injiniyoyi sai dai a masu gadi da leburori da direbobin tifa. Ga bututun gas ana shimfiɗawa daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, ga layin dogo da zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi wanda kamfanin Mota-Engil yake yi, sai ka ji mutum yana ta kumfar baki wai an mayar da mu saniyar ware. Ni ban ce babu son kai a ɗaukar aiki ba, akwai shi kuma kowa ya sani, amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniyan da kake so ka gani a kan gadar jirgin nan yau, tun yana ɗan shekara 14 ko 15 aka yanke ko zai zama injiniya ko ba zai zama ba, kuma yawanci ba shi ya yanke ba, ba kuma ubansa ba.

Ni tsohon malamin fiziks ne a makarantun gwamnati, don haka bari in faɗi yadda abin yake tafiya don iyaye da yawa wallahi ba su sani ba. Duk yaron da yake son karanta injiniyanci a jami'a, JAMB darussa huɗu take nema a wajensa, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan a WAEC ko NECO sai ya kawo kiredit biyar da waɗannan huɗun a ciki. To fiziks da kemistiri ba a fara su sai a SS1, kuma sai wanda aka saka a ajin sayans. Ranar da aka raba aji ɗin nan ita ce ranar, wanda aka ce ya tafi ajin at ko kwamas shi ke nan ƙofa ta rufe masa, babu wata hanya a tsarin da zai dawo sai dai idan ubansa mai hali ne ya mayar da shi baya a makarantar kuɗi. Kuma ya ake rabon? A makarantu da yawa malami ne zai shigo da takarda ya karanto sunaye, wani lokacin da sakamakon jarrabawa wani lokacin kawai don kujerun ajin sayans sun cika. A wasu makarantun ma babu rabon kwata-kwata tunda babu malamin fiziks, duk makarantar at ce, yaro ko ya fi kowa lissafi a ƙaramar hukumar haka zai haƙura ya karanta gwamman. A ƙauye kuwa sau da yawa ƙaramar sakandare ce kaɗai a garin, babbar tana can wani gari sai an hau mashin kullum, kuɗin mashin ɗin kaɗai ya isa ya sa uba ya ce a bari haka.

Wanda ya yi sa'a ya shiga ajin sayans ɗin ma sai ka tausaya masa. Akwai makarantar da na koyar, ba zan kama suna ba, ɗakin da aka rubuta lab a ƙofarsa buhunan siminti da karyayyun kujeru ne a ciki. Idan jarrabawar firaktikal ta matso aka aiko da jerin kayan da za a tanada, sai in hau mashin ina bin makarantu ina aron amita da bolmita, wato na'urorin auna wutar lantarki, da agogon auna daƙiƙa, a satin jarrabawa yara za su fara taɓa su da hannunsu. Yaro zai karanto maka dokar Ohm tiryan-tiryan kamar karatun allo, amma ka miƙa masa batir da waya da amita ka ce ya haɗa sai hannunsa ya kama rawa, wata yarinya da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta haɗa amitar a gicciye allurar ta buga ƙarshe ta maƙale, ta fashe da kuka don ta san na aro ne. Laifinta ne? Shekara uku tana zana amita a littafi da da'ira da harafin A a tsakiya, ba ta taɓa ganin ta gaske ba. Daga nan kuma sai a zo a rufa wa juna asiri ranar jarrabawa, a rubuta amsa a allo, kiredit ya fito tas, yaro ya shiga jami'a lissafin aji ɗaya ya yi masa dukan kawo wuƙa a kore shi ko a mayar da shi wani kwas ɗin, a gida a ce ai asiri aka yi masa.

Abin da yake ba ni haushi shi ne mun taɓa magance wannan matsalar da kanmu, ba Bature ne ya zo ya yi mana ba. A 1977 gwamnatin tsohuwar jihar Kano, lokacin Jigawa tana ciki, ta duba ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, ga madatsun ruwa irin su Tiga an gina ga asibitoci ga ma'aikatu amma masu riƙe su sai an ɗauko daga wani wuri. Sai ta kafa hukuma ta musamman ta makarantun kimiyya, aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, aka zo kuma aka haɗa wa hukumar makarantun fasaha. Dabarar ba wata mai wuya ba ce. Jarrabawa ake yi a tsamo yara masu kai daga makarantun jihar duka, a kai su makarantar kwana, a ba su abinci da littafi da lab mai kaya a ciki, a kawo malamai har daga ƙasashen waje, kuma hukumar ta tsaya da ƙafarta ba sai takarda ta yi wata da watanni a ma'aikatar ilimi kafin a sayi kwalbar asid ba. Ɗan manomi daga Gwaram ko Tudun Wada gado ɗaya sama da ƙasa da ɗan kwamishina. Yau ka shiga asibitin Malam Aminu Kano ko tsangayar injiniyanci ta BUK ko ABU ka tambayi manyan da ke wurin ina suka yi sakandare, za ka sha mamakin yawan waɗanda za su ce maka Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa, kuma da yawansu iyayensu ko boko ba su yi ba.

Makarantun suna nan har yanzu, an ma ƙara wasu, amma abu biyu sun canja. Jama'a ta ninka ta sake ninkawa, kujerun ba su bi ta ba. Sannan jarrabawar shiga ta koma gasar da ɗan birni yake cinyewa tun kafin a fara, don shi ya yi firamare ta kuɗi, an ɗaukar masa malamin lesin, Turancin tambayar ba ya ba shi tsoro, shi kuwa yaron ƙauye lissafin yana kansa amma bai gane me ake tambayarsa ba. Ni a ganina, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗi ba, a ware wa kowace ƙaramar hukuma kujerunta, Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, a ɗauki waɗanda suka fi ƙoƙari a kowace ɗaya ko da makinsu bai kai na 'yan birni ba, sai a ba su zango ɗaya ko biyu na Turanci da lissafi zalla kafin a fara SS1. Masu cewa wannan zai rage inganci, na koyar da irin yaran nan, in suka samu abinci da fitila da malami kafin ƙarshen SS2 sun kamo kowa, wasu ma sun wuce, don su sun san abin da suka baro a gida.

Sai maganar 'yan mata, wadda nan ne muka fi yin asara. Yarinya in tana da ƙoƙari a sayans to kowa ya riga ya yanke mata, likita ko nas ko unguwar zoma, kuma ba laifi ba ne muna bukatarsu sosai. Amma kujerun likitanci nawa ne? Sai ta yi JAMB sau biyu sau uku ba ta samu ba, a ƙarshe a ba ta wani kwas da ba ta nema ba ko a ce aure ya zo, alhali makin nata da injiniyanci ta cike da tuni ta shiga. In ka ce wa uba 'yarka ta karanta injiniya abin da yake gani a ransa ita ce da hular kwano da takalmin roba a tsakiyar ƙarti ana zuba kankare, sai ya ce a'a Malam, wannan ba na mata ba ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa akwai injiniyan da aikinta zane da lissafi ne a kwamfuta, akwai ta lantarki akwai ta sadarwa akwai ta sarrafa abinci akwai ta ruwa, kuma in ana maganar ruwa waye ya fi mace sanin wahalarsa a gidajenmu? Wannan ba matsalar Arewa kaɗai ba ce, ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa NSE tun 1958 aka kafa ta amma sai a 2024 mace ta fara shugabantarta, Injiniya Margaret Oguntala, sai dai namu ya fi tsanani. Akwai ƙungiyar mata injiniyoyi APWEN, ina roƙonsu su rage taro a otal su riƙa shiga makarantun 'yan mata na ƙananan hukumomi, kuma ranar taron iyaye za su je ba ranar da yara kaɗai suke ba, mace injiniya Bahaushiya da hijabinta da mijinta da 'ya'yanta ta tsaya gaban iyaye ta ce ga aikina ga abin da nake samu, wannan ya fi lacca ɗari. Kuma a gyara banɗaki a kewaye makaranta a samar da tsaro, don bayan abin da ya faru a Chibok da Dapchi da Jangebe ba ka da bakin da za ka zargi uban da ya ƙi kai 'yarsa makarantar kwana.

Akwai kuma wasu injiniyoyin da muke wucewa ta gabansu kullum ba ma ganinsu. Ka je Panteka a Kaduna ka ga yadda ake narka ƙarfe ana ƙera injin niƙa da injin casar shinkafa da kayan gyaran mota, ko ka tsaya wajen masu naɗin koyil ka kalli yaro ɗan shekara 16 ya kwance janareta ya ƙirga zagayen wayar ya naɗa sabuwa ya tayar, ko yaran da suke haɗa sola da inbata a unguwanni yanzu. Yaron nan ya san abin a hannu fiye da ɗan aji uku a jami'a, abin da ya rasa lissafin da zai gaya masa dalili, shi ya sa in aka kawo injin da bai taɓa gani ba sai ya koma gwaji, in ya ƙone ya ce ƙaddara. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a ƙasar nan da kanta matakai huɗu take yi wa rajista, injiniya da mai babbar difloma da mai ƙaramar difloma da mai sana'ar hannu, ma'ana tsani ne da ya kamata mutum ya iya hawa daga ƙasa. Akwai hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci NABTEB tun 1992, akwai hukumar ilimin fasaha NBTE a Kaduna da take ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'a, amma yaron gareji nawa ne ya san da su? A buɗe ajin yamma a kwalejojin fasaha, lissafi da Turanci da zanen injiniya, daga la'asar zuwa isha, ogansa ya sake shi kwana uku a sati, ya zana NABTEB ya shiga foli.

Amma fa sai mun daina raina makarantun fasahar. A da in yaro ya faɗi jarrabawa ake cewa a kai shi tekinikal, kamar wani horo. Lokacin da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 gwamnati ta sayo injinan koyar da sana'a daga Turai aka rarraba wa makarantu, da yawa a cikin akwatunansu suka ruɓe don babu wuta babu ɗakin da za a kafa su babu malamin da ya iya, waɗanda suka yi makaranta a lokacin za su ba ka labari. Sannan ga bambancin da ake nuna wa mai HND, wato babbar difloma, a wajen aiki, ya yi shekara biyar har da ta koyon aiki kamar yadda mai digirin injiniya ya yi biyar, amma a ce akwai matakin da ba zai wuce ba. Wane uba ne zai tura ɗansa hanyar da ya san an toshe ƙarshenta? Jelani Aliyu da muke alfahari da shi, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi kafin jihar Sakkwato ta ba shi tallafin karatu ya tafi Detroit a Amurka. Da an ce masa foli ta marasa ƙoƙari ce fa?

Almajirai ma ina da magana a kansu ko da za a ce na cika buri. Yaron da ya haddace izu sittin ya rubuta da ka ba tare da ya duba ba, kar wanda ya ce min ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauki aljabra ba, kuma malaman zaure da suke rabon gado da sudusi da sumuni da sulusi lissafin ɓangare suke yi wanda ɗan SS1 da yawa ba zai iya ba. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, yawancinsu aka bar su suka lalace bayan an miƙa wa jihohi. Gardi da ya sauke yana ɗan shekara 17 ba zai zauna aji ɗaya da 'yan firamare ba, kunya ba za ta bar shi ba, a yi masa nasa tsarin na gaggawa shekara biyu ko uku ya fito da takardar da zai shiga kwalejin fasaha. Haka masu bukata ta musamman, a nan Kano masu lalurar shan inna su suke yanka ƙarfe su yi walda su ƙera kekunan da 'yan uwansu suke hawa, amma in ɗayansu ya samu shiga makaranta sai ya tarar da lab a bene na biyu ba hanyar keke.

Duk wannan surutun nawa ba malami aikin banza ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu sama da 21,000 suka kasa, an yi ta rigima a kan korar amma ba wanda ya musa cewa akwai matsala, kuma yaron da ya baro firamare bai iya raba lamba ba babu malamin fiziks ɗin da zai cece shi. A sakandare kuma wanda ya karanta fiziks ko lissafi da kyau ba ya zama, da ya samu banki ko kamfanin waya ko ma POS ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba. A ba malamin lissafi da fiziks da kemistiri alawus na musamman in ya yarda ya zauna a ƙauye, a ba shi ɗaki, a biya a kan lokaci. 'Yan bautar ƙasa da suka karanta injiniya a daina tura su sakatariya suna sayo wa oga abinci, a kai su aji. Kuma malamai 'yan uwana a daina jin kunyar yin bayani da Hausa, jarrabawa da Turanci za a yi ba musu, amma ka fara fahimtar da yaro da harshen da yake tunani da shi, ka kai shi bakin rijiya ya ga yadda kurar jan ruwa take sauƙaƙa jawo guga sannan ka dawo allo ka ba shi sunan abin da Turanci, ba ya mantawa.

Mu kuma jama'a mun iya biki. A 2007 wani ɗalibin fiziks a BUK, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur har ya ɗaga sama, jaridun duniya suka ɗauka. Har yau haka muke, duk bayan 'yan watanni sai an yaɗa bidiyon wani yaro ya ƙera tifa ko jirgi da kwali da batir, a yi ta masha Allah ana cewa gwamnati ta taimaka, wani ɗan siyasa ya kira shi ya ba shi kuɗi a ambulan a ɗauki hoto, ba wanda zai tambaya wace makaranta yake, akwai malamin lissafi a cikinta, waye zai biya masa WAEC. Jami'o'i da manyan makarantu kuwa ba su muka rasa ba, ABU tana nan tun 1962, ga BUK ga ta Wudil ga ATBU a Bauchi ga ta Minna ga ta Yola ga ta sufuri a Daura ga Kadpoly, kowane ɗan majalisa burinsa a kafa jami'a a garinsu, amma ba ka jin wanda ya tashi ya ce a kawo malamin fiziks garinsu. Masu kuɗinmu da suke raba kujerun Makka da buhunan shinkafa, Allah ya saka da alheri, kuɗin kujera ɗaya zai cika lab ɗin makarantar ƙauye da kayan firaktikal, kuma ita ma sadaka ce mai gudana. Tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya na KASSOSA suna ƙoƙari a makarantunsu, ina roƙon su leƙa ƙananan sakandaren da suke turo yaran su ma.

Malam Edita roƙona gare ka ɗaya ne, tunda kuna da wakilai a jihohi. Ku zaɓi ƙananan hukumomi ko da uku-uku ne a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, wakilinku ya shiga kowace babbar sakandaren gwamnati ya yi tambaya uku, akwai malamin fiziks da ya karanta fiziks, yaushe rabon da a yi firaktikal, yara mata nawa ne a ajin sayans. Ku buga da sunan makaranta da sunan ɗan majalisar yankin kafin a kai kasafin kuɗin baɗi gaban majalisun jihohi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin fiziks, daga Kano